Masu ƙaura da ƴan ci-rani: ina ake jin harshen Norwej, ina ake jin Malayalam?

Ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Dubai saro kaya, ko alhajin da rashin lafiya ta kai shi asibiti a Jidda ko Madina, da wuya a ce bai gamu da wasu Indiyawa ba, masu wata magana mai sauri wadda ba ta yi kama da ta finafinan Indiya da aka saba kallo ba. Su ne a kanti, su ne a wurin canjin kuɗi, su ne kuma masu jinya a ɗakunan marasa lafiya. Sunan harshen nasu Malayalam, gidansu kuwa jahar Kerala ce, can kudu maso yammacin Indiya. Shi kuwa harshen Norwej, mai yiwuwa ne mutum ya yi shekaru yana fatauci bai taɓa jin shi a bakin kowa ba, ko da yake busasshen kifin ƙasar, mai tauri kamar itace, ya daɗe yana cika kasuwannin Najeriya.

Ƙidayar jama'a ta Indiya ta shekarar 2011 ta sami mutane kusan miliyan 35 waɗanda Malayalam ne harshen da suka tashi da shi. Mutanen Norwej gaba ɗaya ba su wuce miliyan 5 da rabi da ƴan kai ba. Ke nan masu Malayalam sun ninka su sau shida. Duk da haka harshen Norwej ne ke da tuta, da fasfo, da kuɗin kansa, da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Malayalam kuwa ɗaya ne cikin harsuna 22 da tsarin mulkin Indiya ya lissafa, kuma a takardar kuɗin rupi ɗan layi guda ya samu cikin jerin ƴan'uwansa. Abin da ya sa gwada su ke da amfani shi ne, dukansu biyu harsunan mutanen bakin teku ne, dukansu sun tura ƴaƴansu nesa neman abinci, amma abin da ya sami kowane harshe a can wajen ya sha bamban.

Ƙasa biyu tsakanin dutse da teku

Kerala ƴar siririya ce, teku a yamma, jerin duwatsun Gat a gabas. Tsawon gaɓarta bai kai kilomita 600 ba, faɗinta kuwa inda ya fi yawa bai wuce kilomita 120 da kaɗan ba. Girmanta kusan murabba'in kilomita dubu 39 ne, wato ba ta kai jahar Maraɗi ba. Cikin wannan ɗan fili mutane sama da miliyan 33 ke zaune tun a 2011, kimanin mutum 860 a kowane murabba'in kilomita. Ƙasa ce ta ruwan sama da kwakwa da shinkafa da masoro, gari na manne da gari har matafiyi ba ya gane inda wani ya ƙare wani ya soma. Sunan harshen ma daga duwatsun nan ya fito, don kuwa "mala" na nufin dutse.

Norwej ita ma siririya ce tsakanin dutse da teku, sai dai doguwa ce ƙwarai, wajen kilomita 1.750 daga kudu zuwa arewa. In an haɗa jahohin Maraɗi da Tawa da Damagaram wuri ɗaya, an kusa samun girmanta. Mutanenta kuwa ba su kai 20 a murabba'in kilomita ba. Teku ya tsaga duwatsunta ya kutsa ciki da nisa, ƙanƙara kuma takan rufe hanyoyi watanni, har a da can ƙauyuka biyu da dutse ɗaya ya raba sukan fi sauƙin haɗuwa da jirgin ruwa bisa ga tafiyar ƙasa. Shi ya sa kusan kowane kwari ke da nashi karin harshe, kuma har yau minista ko mai karanta labaru a rediyo ba ya jin kunyar magana da karin garinsu.

Asalin harsunan ba ɗaya ba ne. Harshen Norwej ɗan gidan Jamusanci da Turancin Ingila ne, kuma kusancinsa da harsunan Suwed da Danmak ya kai mutanen ƙasashen uku kan yi hira kowa da nashi ba tare da tafinta ba. Wannan ya buɗe ma mai jin harshen Norwej kasuwar mutane wajen miliyan 20. Malayalam kuwa ɗan dangin harsunan Dirabida ne na kudancin Indiya, ƙanen Tamil ne wanda ya ware ya kama gabansa, ya kuma ɗebi kalmomi masu yawa daga Sanskirit. Ba shi da dangantaka ta jini da Hindi, harshen finafinan Bombai.

A cikin gida, kowane na da ƴan wuraren da ya leƙa. Ban da Kerala, ana mulki da Malayalam a tsibiran Lakshadwip, waɗanda kusan dukan mutanensu Musulmi ne, da kuma ɗan garin Mahe, wanda ya kasance hannun Faransa har 1954. Harshen Norwej ya kai tsibiran Sbalbad, kusa da ƙarshen duniya ta arewa, inda rana kan ɓace watanni. A arewacin ƙasar kuma yana zaune da harsunan Sami da na Kiben, waɗanda aka daɗe ana danne su a lakwal kafin doka ta ba su kariya.

Yadda kowane ya sami gindin zama

Ƙarfin da harshen Norwej ke da shi yau ba gado ba ne. Ƙasar ta yi shekaru wajen 400 tana haɗe da Danmak, har 1814, kuma a mafi yawan lokacin nan da harshen Danmak ake rubuta doka da wa'azi da takardun ciniki. Talaka na magana da harshensa, biro na rubutu da na wasu. Bayan rabuwar, ƴan boko suka kasu biyu. Wasu, irin su malamin makaranta Knud Knudsen, suka ce a riƙa gyara rubutun Danmak sannu a hankali har ya dace da bakin mutanen birni. Wani ɗan manomi kuwa, Ivar Aasen, ya ɗauki sanda ya zaga ƙauyuka shekara da shekaru yana rubuta maganar manoma da masunta, ya fitar da littafin nahawu a 1848 da ƙamus a 1850. A 1885 majalisar dokoki ta ce rubutun biyu daidai suke. Tun 1929 ake kiran na farko Bokmal, na biyu Ninosk. Mafi yawan jama'a da Bokmal suke rubutu, wajen mutum ɗaya cikin goma ke riƙe da Ninosk, galibi a yammacin ƙasar. Amma doka ta wajabta ma ma'aikatun gwamnati yin aiki da duka biyun, kuma wanda ya rubuto da Ninosk da shi za a ba shi amsa. Jon Fosse, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2023, da wannan ƙaramin rubutun yake aiki.

Malayalam ya daɗe da baƙaƙensa masu zagaye, kuma masu shi na girmama mawaƙi Tuncat Ezutaccan na ƙarni na 16 a matsayin uban harshen. Musulmin gaɓar Malabar, waɗanda ake kira Mappila, sun yi ɗaruruwan shekaru suna ciniki da Larabawa tun kafin Basko da Gama ya sauka kusa da Kalikat a 1498, kuma sun rubuta Malayalam da baƙaƙen Larabci, daidai yadda malaman ƙasar Hausa suka yi ajami. Amma a zamanin mulkin Ingila masu harshen a rarrabe suke: masarautar Tarabankor a kudu, ta Kocin a tsakiya, lardin Malabar a arewa ƙarƙashin Madaras. Sai ran 1 ga Nuwamba 1956, lokacin da Indiya ta sake yanka jahohinta bisa harshe, aka haɗa su aka kira su Kerala. Ke nan iyakar jahar an ja ta ne bisa inda ake jin harshen.

Abin da ya biyo baya shi ne karatu. Wani malami mai suna P. N. Panicker ya jagoranci ƙungiyar buɗe ɗakunan karatu tun daga 1945, har ta kai ƙauyuka dubbai. A 1991 aka yi shelar cewa jahar ta yaƙi jahilci, a 2011 kuma kashi 94 bisa 100 na jama'arta sun iya karatu da rubutu, abin da babu wata jaha a Indiya da ta kai. Jaridar Malayala Manorama, wadda ta fara fitowa a 1890, da Mathrubhumi ta 1923, suna cikin waɗanda aka fi karantawa a duk ƙasar, alhali masu harshen ba su kai kashi 3 bisa 100 na Indiyawa ba. Hindu da Musulmi da Kirista, duk da harshe ɗaya suke sayen jarida. Sai dai ikon Malayalam na da iyaka: babbar kotun jahar da Turancin Ingila take shari'a, gwamnatin tsakiya a Delhi kuma da Hindi da Turancin Ingila take aiki.

Waɗanda suka tafi ba su komo ba

A watan Yuli na 1825 wani ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga Stavanger da mutum 52, ya isa New York bayan wata uku da mutum 53, don an yi haihuwa a hanya. Daga nan ƙofa ta buɗe. Cikin shekaru 100 mutane wajen dubu 800 suka bar Norwej zuwa Amurka ta Arewa, daga ƙasar da a 1900 mutanenta ba su wuce miliyan 2 da ƴan kai ba. In aka cire Ailan, babu ƙasar Turai da ta yi asarar kaso mai yawa na jama'arta kamar haka. Ƙasar noma ce ta kore su, ita ce kuma ta ja su: a gida gona ta yi kaɗan, a Amurka kuwa dokar 1862 na ba mai zama hekta wajen 65 kyauta in ya noma ta shekara biyar.

Sun sauka a jahohin Wiskonsin da Minesota da Ayowa da Dakota, suka gina majami'unsu da makarantunsu, suka buga jaridu da harshensu. Jaridar Skandinaven ta Shikago ta fara a 1866, Decorah-Posten ta Ayowa a 1874. Akwai lokacin da mutum kan iya a haife shi, ya yi aure, a binne shi a wani ƙauyen Minesota duk da harshen Norwej. Amma sun tafi da mata da yara, sun sami gona da takardar zama ƴan ƙasa, ba su da niyyar komowa. Yara suka shiga lakwal ta Turanci. Yaƙin duniya na farko ya kawo tsangwamar baƙin harsuna, har gwamnan Ayowa ya hana amfani da su a bainar jama'a a 1918. Amurka ta taƙaita shigar baƙi a 1924, sabbin zuwa suka ragu. Skandinaven ta rufe a 1941, babbar majami'arsu ta cire kalmar Norwej daga sunanta a 1946, Decorah-Posten ta bi sahu a 1972. A ƙidayar Amurka ta 2000, mutane wajen miliyan 4 da rabi sun ce su jinin Norwej ne, amma masu magana da harshen a gida ba su kai dubu 60 ba. Kaka na yin shi, uba na jin shi, jika sai sunan abincin salla ya rage mashi.

Ba wannan ne karo na farko ba. Shekaru sama da dubu da suka wuce, masu jiragen ruwa na Norwej sun kai harshensu tsibiran Aisilan da Faro, inda ya zama wasu harsuna dabam, da kuma tsibiran Shetilan da Okni na arewacin Sikotilan, inda ya mutu ɗungum. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Waɗanda ke tafiya suna komowa

Fitar mutanen Kerala ta ɗauki wani salo. Da farashin man fetur ya yi tsalle a 1973, ƙasashen Larabawa na bakin tekun Fasha suka shiga gine-gine, suna neman magina da direbobi da akawu da masu jinya. Kerala na da ƴan boko da yawa, masana'antu kaɗan, ga kuma tsohuwar sabo da Larabawa. Binciken da aka yi a jahar a 2023 ya ƙiyasta cewa mutanenta miliyan 2 da dubu 200 na zaune a ƙasashen waje, wajen huɗu cikin biyar a Daular Larabawa da Saudiyya da Oman da Ƙatar da Kuweti da Baharen. Kuɗin da suke aikowa ne ya gina gidaje da makarantu da asibitoci masu yawa, ya kuma sa ƴar ƙaramar jahar nan ta mallaki filayen jiragen sama huɗu masu zuwa ƙetare. Babban kantin LuLu, wanda duk mai zuwa Dubai ya sani, mai shi M. A. Yusuff Ali ɗan Kerala ne.

Can ƙasashen Larabawa kuwa harshen bai dushe ba. Ana buga jaridun Malayalam a Dubai, akwai gidajen rediyo masu watsa shirye-shirye da shi dare da rana, sabon fim kuma kan fito a Sharja rana ɗaya da Kocin. Dalilin a fili yake. Ƙasashen nan ba su saba ba baƙo takardar zama ɗan ƙasa ba, iznin zama a ɗaure yake da aiki, ranar da kwantaragi ya ƙare sai haɗa kaya. Da yawa daga ma'aikatan sukan bar iyali a gida, su komo hutu, su yi aure a gida, su gina gida inda za su tsufa. Lokacin da Iraƙi ta mamaye Kuweti a 1990, Indiya ta kwaso mutanenta sama da dubu 100 da jiragen sama, ƴan Kerala da yawa a ciki. A 2020 annobar korona ta sake koro wasu dubbai. Wanda ya san ana iya cewa ya tashi gobe ba ya sakin harshen gidansu. Wannan shi ne ci-rani, ko da ya ɗauki shekara talatin.

Ba a ce zaman daɗi ne ba. Littafin Aadujeevitham na marubuci Benyamin, wanda ya fito a 2008 aka kuma mai da shi fim a 2024, labarin wani ɗan Kerala ne da ya je neman arziki ya ƙare yana kiwon awaki cikin hamadar Saudiyya, ba albashi ba hanyar gudu. An sake buga shi sau da dama, don gidaje da yawa a jahar na da wanda ya tafi. Rashin tabbacin da ke cin ran ma'aikaci shi ne kuma ya tsare mashi harshensa.

Man fetur ya juya lissafi

Shi wannan man fetur ɗin ya yi ma Norwej akasin haka. An gano rijiyar Ekofisk a tekunta a 1969, ƙasar da ke fitar da mutane ta koma mai karɓar su. Yau ƴan Folan da Lituwaniya da Somaliya da Fakistan da Yukiren na koyon harshen Norwej, don sai an ci jarrabawarsa ake samun takardar zama ɗan ƙasa. Harshen da ya rasa jikokinsa a Amurka yana samun sabbin masu shi a Oslo da Bergen. Ita ma Kerala, da ƴaƴanta suka bar aikin ƙarfi, ma'aikata daga Bengal da Assam da Bihar sun cika gurbin, ƴaƴansu kuma na karatu da Malayalam a makarantun gwamnati.

Yanzu abokin hamayyarsu ɗaya ne, Turancin Ingila. A Norwej ya mamaye binciken jami'a da manyan kamfanoni, abin da ya sa majalisa ta kafa dokar harshe a 2021, ta fara aiki a farkon 2022, domin tabbatar da cewa harshen ƙasa ya ci gaba da aiki a kowane fanni. A Kerala iyaye na rububin makarantun Turanci, har gwamnati ta yi doka a 2017 ta wajabta koyar da Malayalam zuwa aji na goma. Akwai kuma sabon abu: matasa da masu jinya na karkata zuwa Ingila da Kanada da Ostareliya, inda ake ba da takardar zama ɗan ƙasa, ake kuma tafiya da iyali. Wannan ƙaura ce irin ta mutanen Stavanger, kuma abin da ya faru a Minesota na iya faruwa a Toronto. Gwamnatin jahar ta hango haka, ta kafa hukuma tun 2009 mai koyar da Malayalam ga yaran da ake haifa a waje.

Abin da taswira ba ta nunawa

Wanda ya buɗe taswira zai ga harshen Norwej ya rufe fili mai faɗi a arewacin Turai, Malayalam kuwa ɗan zare ne a gefen Indiya. Wanda ya ƙidaya kawuna zai ga akasin haka. Tarihin harsunan biyu na nuna ma'auni na uku, wanda ya fi waɗannan tabbas: harshe na ɗorewa inda ake biyan haraji da shi, ake yanke hukunci da shi, ake koya ma yaro lissafi da shi, ake kuma sayen jarida da shi kowace safiya. Inda ya rage a ɗakin girki da wurin ibada kaɗai, zuriya uku kan ishe shi.

Hausa ta san hanyoyin biyu. Tana da ƴan ci-rani masu zuwa su komo, tana kuma da zangunan Kumasi da Akara da garin Mai Wurno na Sudan, inda aka sauka aka zauna. A 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turancin Ingila kuma harsunan aiki. Norwej ta ɗauki nata matakin a 1885, Kerala a 1956, amma abin da ya ba matakan nasu nauyi shi ne aikin da ya tafi tare da su: ƙamus da littattafan lakwal, malamai da aka horas, ɗakunan karatu a ƙauyuka, da ma'aikacin biro wanda doka ta tilasta ma ya amsa ma talaka da harshen da ya rubuto. Wannan aiki ne na shekaru hamsin ko fiye, kuma kuɗi yake ci. Ba girin-girin ba, ta yi mai.